Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Bauchin Yakubu A Bakin Hanyoyinta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Gwallameji, ya fito da sassafe cikin hunturu ya tsaya a bakin titin Dass, zai ga abu biyu. Na farko ɗalibai ne, maza da mata, wasu suna sauri zuwa Foliteknik ta Tarayya wadda aka kafa a 1979, wasu kuma suna jiran abin hawa zuwa harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Yalwa. Na biyu kuwa duwatsu ne da suka yi wa gari ƙawanya, hazo ya lulluɓe kawunansu. Ɗaliban baƙi ne, bayan 'yan shekaru za su ɗauki takardunsu su tafi. Duwatsun kuwa suna nan tun ba a san za a yi gari a wurin ba.

Wata rana na tarar da wasu ɗalibai a wannan unguwa suna shawarar inda za su tafi yawon buɗe ido na ƙarshen shekara. Baki ɗaya suka ce Yankari. Na tambaye su ko akwai wanda ya taɓa zuwa Kafin Madaki, ba a sami ko ɗaya ba. Na sake tambaya ko sun san inda kabarin wanda ya kafa garin yake, sai kallon-kallo. Ban ga laifinsu ba, domin ba a nuna musu ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ɗauki mai karatu mu zaga birnin, sannan mu bi hanyoyi huɗu daga cikin waɗanda suka fita daga cikinsa. Abin da nake so in nuna shi ne, tarihin Bauchi labarin zaman birni da dutse ne. Malaman fada sun rubuta abin da ya shafi birni, amma na dutse sai an taka ƙafa an je an gani. Wanda ya ji ɗaya bai ji ɗayan ba, rabin labari ya ji.

Sunan Da Ya Girmi Gari

Akwai hadisin baka da kowane yaro ya sani a Bauchi, wai wani maharbi ne mai suna Baushe ya nuna wa Malam Yakubu wurin da ya dace ya kafa gari, aka saka wa garin sunansa don tukuici. Labari ne mai daɗin ji, sai dai masana tarihi, irin su Mahdi Adamu, sun nuna cewa kalmar ta girmi garin. Tun kafin jihadi Hausawa suna kiran ƙasashen duwatsu da ke kudu da su da sunan ƙasashen Bauchi. Nan fatake suke zuwa neman ƙarfe da kuza, nan kuma mahara suke zuwa neman bayi. Ke nan sunan yanki ne mai faɗi, daga baya gari guda ya gaje shi.

Shi Yakubu ɗan Dadi ɗan wannan ƙasa ne. Bageri ne, daga Gerawan da ke zaune a wajajen Tirwun. Yana yaro aka danƙa shi a hannun Malam Isiyaku, daga nan neman ilimi ya kai shi Degel wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, inda ya daɗe yana karatu. Da aka tashi raba tutoci, shi ne kaɗai wanda ba Bafillace ba a cikin manyan masu tuta na farko. Ya dawo gida ya zauna a Inkil, sannan a wajajen 1809 ya kafa birnin da muke gani yau, a wani fili mai tsayin kimanin mita 600 daga doron teku, a gindin Dutsen Warinje. Ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. A 1827 shi ne ya tare rundunar Shehu Muhammadu al-Kanemi ta Barno a ƙasar Kano ya mayar da ita baya, abin da ya ɗaukaka sunansa a idon Sakkwato. Ya rasu a 1845, bayan ya yi kimanin shekara 40 yana riƙe da tuta.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na asalin Yakubu, domin za mu sake komawa kansa. Wanda ya kafa birnin ba daga nesa ya zo ba, daga cikin mutanen gindin dutse ya fito.

Cikin Ganuwa

Daga Gwallameji zuwa tsohon gari tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Ƙofofin da aka fi sani tara ne: Wunti, Ran, Nassarawa, Wambai, Jahun, Dumi, Inkil, Tirwun da Wase. Mai lura zai ga cewa da yawansu sunayen garuruwan da hanya ta nufa ne, saboda haka ƙofofin kansu taswira ce ta ƙasar da Yakubu ya mallaka ko ya yi hulɗa da ita. Ganuwar kuwa sai dai a yi haƙuri. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa sun ci nasu, gidaje sun hau kan abin da ya rage. A wurare da dama sai dattijo ya nuna maka da sanda ya ce nan ta bi.

A tsakiyar gari fadar sarki take, tana fuskantar babban masallaci, kuma a cikinta kabarin Yakubu yake. Nan ne matafiya Jamusawa biyu suka sauka, Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867. A littattafansu da taswirorin Turai na wancan zamani ba a cika rubuta Bauchi ba, sai Yakoba, wato garin Yakubu. Nan ne kuma sojojin Ingila suka iso a watan Fabrairu na 1902, suka tuɓe Sarki Umaru, aka shiga wani sabon zamani.

Kada baƙo ya bar gari bai ziyarci kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka haifa a 1912, aka kashe a juyin mulkin Janairu na 1966. An buɗe ginin a 1979. Mai ziyara yakan bi ta wani lungu mai duhu yana hawa sannu a hankali, haske yana ɗan leƙowa, har ya ɓulla wani fili marar rufi inda kabarin yake, ba ado ba ƙawa. Ga ɗalibin adabi wannan wuri yana da wata daraja ta daban, domin mai kabarin shi ne marubucin Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan da gasar Hukumar Talifi ta 1933 ta haifar. Jigon littafin bauta ne: yaron da aka sace, da uwar da ta ratsa Sahara tana nemansa. Ba abin mamaki ba ne a ce ɗan Bauchi ne ya zaɓi wannan jigo, don kuwa ya tashi a cikin mutanen da suka ga abin da idonsu. A wannan gari ne kuma, a wajajen 1943 da 1944, shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suke haɗuwa a wata majalisar taɗi, suna tuhumar yadda ake mulkin talakawa. Siyasar Arewa ta zamani tana da saiwa a nan.

Hanyar Arewa: Kafin Madaki Da Ningi

Idan aka ɗauki hanyar Kano, bayan kimanin kilomita 45 sai a isa Kafin Madaki, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa. Kalmar kafi ta isa ta gaya wa Bahaushe cewa garin tsaro ne. A nan ne Madakin Bauchi ya zauna yana gadin ƙofar arewa, kuma a nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, ya gina masa gida a wajajen 1860. Wanda ya shiga soron nan ya ɗaga kai ya ga yadda aka ɗaure bakan gizo da azara da yumɓu, ba siminti ba ƙarfe, ga shi ya haura shekara 160 a tsaye, zai san cewa ba a banza aka kira mutumin Babban Gwani ba. Tun 1956 aka sanya gidan cikin kayan tarihin ƙasa.

To, amma wa ake tsaro? Amsar tana gaba, a duwatsun Ningi. A wajajen 1846 wasu malamai daga Tsakuwa ta ƙasar Kano, a ƙarƙashin Malam Hamza, suka yi sa-in-sa da hukuma a kan haraji, suka yi hijira zuwa cikin waɗannan duwatsu. Suka tarar da Butawa da Warjawa da Fa'awa da sauransu, waɗanda da ma ba su miƙa wuya ga kowa ba, suka haɗa kai da su. Daga wannan haɗin ne aka sami daular Ningi, wadda ta hana Kano da Bauchi da Zazzau barci fiye da shekara 50, a zamanin shugabanni irin su Ɗanmaje da Haruna da Ɗanyaya. Saboda wannan fitina ce garin Rauta ya zama mazaunin sarakunan Bauchi na wani lokaci a zamanin Ibrahim ɗan Yakubu da ɗansa Usmanu.

A nan akwai abin lura. A birni ga Bageri yana riƙe da tutar Shehu, a kan dutse kuma ga malaman Kano, masu allo da tawada, suna jagorancin masu yaƙi da daular Shehu. Wanda duk ya ce tarihin wannan ƙasa faɗa ne kawai tsakanin Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, ko tsakanin Hausa-Fulani da sauran ƙabilu, hanyar Ningi ta ƙaryata shi. Dutse mafaka ce ga duk wanda birni ya matsa wa, ko wane ne shi.

Hanyar Yamma: Geji, Panshanu Da Kuza

Hanyar Jos, mai kimanin kilomita 130, ita ce ta fi kowace ƙayatarwa ga ido. Da an fita gari kaɗan sai Dutsen Zaranda ya tsaya a gaban matafiyi, ya daɗe yana rakiyarsa. A ƙasar Toro, idan aka saki kwalta aka shiga daji, akwai Dutsen Zane na Geji, inda mutanen da suka zana hotunan shanu da namun daji da mutane da jan launi a jikin wani kogo. Irin wannan zane akwai shi a Shadawanka, dab da Bauchi, da Shira, da kuma Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. Masu zanen ba su bar suna ba, ba su bar kwanan wata ba. Abin da suka bari shi ne shaidar cewa an yi kiwo da farauta da fasaha a wannan ƙasa tun kafin a kafa kowace daula da muka san sunanta.

Can gaba, a gindin mashigin Panshanu, akwai tarin duwatsu da ake kira Kwandon Kaya, wanda shi ma yana cikin kayan tarihin ƙasa, hadisin baka kuma yana danganta shi da yaƙe-yaƙen Yakubu. Daga nan hanya takan fara hawa. A ƙarni na 19 dawakin Bauchi sun sha isowa nan, amma doki ba ya hawan dutse. Wasu al'ummomin suka shiga amana, wato suna biyan wani abu a bar su da addininsu da sarautarsu, wasu kuwa suka ƙi, suka haye can ƙololuwa inda ba mai iya cim musu. Ba kuma za a ɓoye ba, bayi suna cikin gaisuwar da Bauchi take aikawa Sakkwato, kuma da yawansu daga irin waɗannan wurare aka kamo su.

Abin da doki ya kasa, kuza ta yi. Da Turawa suka gano arzikin da ke Tilden Fulani da Naraguta, sai suka hau tudun da bindiga. A lokacin duk tudun Jos a cikin Lardin Bauchi yake, har taswira tana kiransa tudun Bauchi, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Wani abin dariya shi ne, ƙaramin jirgin ƙasan da aka shimfiɗa daga Zariya, wanda ya isa Bukuru a 1914 aka kuma rufe shi a 1957, da sunan Bauchi aka san shi, alhali bai taɓa zuwa garin ba. Sai a 1961 jirgin ƙasa ya shigo Bauchi, a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, inda ya isa a 1964. Wato a cikin shekara 50 na mulkin mallaka ciniki ya koma Jos, birnin Yakubu ya zama garin sarauta da malanta.

Hanyar Gabas: Inkil Da Yankari

Yanzu sai mu bi ɗalibaina zuwa inda ransu yake so. Hanyar Gombe takan ratsa ta Inkil, mazaunin Yakubu na farko, wanda yawancin masu wucewa ba su ko waiwaya. A Dindima akan haye Kogin Gongola, sannan a karkata kudu cikin ƙasar Alkaleri har ƙofar Mainamaji. Daga Bauchi zuwa masaukin Wikki kimanin kilomita 110 ne. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disamba na 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina, ga gwaggon biri da ya raina mutane har yana ƙwace musu abinci. Ruwan Wikki kuwa, mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 ne, rani da damina, dare da rana.

Mafi yawan baƙi a nan suke tsayawa: su yi wanka, su ɗauki hoto, su juyo. Amma dajin nan da ake gani kamar ba a taɓa zama cikinsa ba, kufai ne. Akwai kogunan dutse guda 59 da aka sassaƙa da hannu a jikin wani gaɓa, waɗanda ake kira da sunan Marshall, Baturen da ya ba da rahotonsu a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey fiye da 130, an haƙa su a cikin dutse, suna haɗe da juna ta ƙasa. Akwai kuma ragowar matoyar ƙarfe masu yawa, inda maƙeran da suke narka tama. Mutanen yankin suna danganta kogunan da masu ɓuya daga mahara, rijiyoyin kuma da zangon ayarin bayi. Ashe ke nan wurin da muke zuwa shaƙatawa, wasu sun zauna cikinsa da aiki, wasu da tsoro. Babu laifi a yi wanka a Wikki, amma ya kamata wanda ya yi tafiyar kilomita 110 ya ƙara 'yan kaɗan ya gai da masu gidan.

Hanyar Kudu: Dass Da Tafawa Ɓalewa

Hanya ta ƙarshe ita ce wadda muka fara tsayawa a bakinta. Titin da ya ratsa Gwallameji shi ne yake miƙewa kudu zuwa Dass, garin Jarawa, wanda ke kwance a gindin Dutsen Mbula. Duk wanda ya ga yadda wannan dutse ya tokare sama zai gane dalilin da ya sa mutanen Dass suka iya riƙe kansu, har Turawa da suka zo suka bar su da sarkinsu, kamar yadda suka bar Ningi. Gaba kuma sai Tafawa Ɓalewa, sunan da aka ce daga Fillanci ya samo asali, ma'anarsa baƙin dutse. Ƙasa ce ta Sayawa, waɗanda suke kiran kansu Zaar, da Jarawa da Fulani da Hausawa.

A wannan gari ne rikici ya tashi a watan Afrilu na 1991, ya bazu har cikin birnin Bauchi, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa, daga baya kuma ya sha maimaituwa. Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarƙashin abin da ya bayyana akwai tsohuwar tambaya: wa ke da ƙasa, wa zai mulki wa, kuma labarin wa za a ɗauka a kan abin da ya faru a ƙarni na 19? Kowane ɓangare yana da nasa tarihin da yake gaya wa 'ya'yansa, a ɗaya Yakubu mai kawo haske ne, a ɗayan kuma mai aiko da dawaki. Yaran nan su ne suke haɗuwa yau a ɗakunan haya na Gwallameji, suna cin tuwo a kwano ɗaya, kowa da rabin labarin da ya taho da shi daga gida. Wannan ne ya sa ban ɗauki yawon buɗe ido a wannan ƙasa a matsayin wasa ba.

Kammalawa

Mun ga cewa sunan Bauchi ya girmi birnin, kuma wanda ya kafa birnin ɗan ƙasa ne. Mun ga malamai a kan dutse suna yaƙi da sarakuna, mun ga soron da ya fi ƙarfin shekaru, da zanen da ba a san mai shi ba, da rijiyoyin da suka shayar da wanda ya zo da ƙafarsa da wanda aka jawo da igiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai tabbata idan ba a kula da shi ba. Ganuwa tana zaizayewa, masu fasa dutse suna aiki ba dare ba rana, dattawan da suka riƙe hadisan baka kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Shawarata ga ɗalibai, musamman na Hausa, ita ce idan an tashi tafiya ta gaba a raba ta kwana huɗu, kowace hanya da ranarta. A tafi da littafi da alƙalami da na'urar ɗaukar magana. A kowane gari a fara gai da mai gari, a nemi tsofaffi, a tambaye su sunan dutsensu da harshensu, da waƙar da ake yi masa, da wanda ya taɓa ɓuya a cikinsa. A rubuta yadda suka faɗa, ko da ya saɓa wa abin da aka karanta a aji. Wanda ya yi haka zai dawo Gwallameji ya ɗaga kai ya dubi duwatsun nan ya san sunayensu, kuma zai fi iya zama da abokin ɗakinsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, amin.